Gwaggo Ta Tsaya a Gindin Tudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta cika har ta rasa inda za ta zuba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, maƙwabta da abokan aiki, rasuwar Gwaggo, wato ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasan nan baƙi da ya yi shekaru yana zagaye a kan teburin ɗakinmu na baya. Mu a gidan nan mace muka ɗauke ta, kuma a haka zan ambace ta. Ta rasu ranar Talatar makon jiya da yamma, a bakin aiki, a gindin tudu, tana janye da taragai huɗu. Tsawonta bai wuce tafin hannuna ba, wutar lantarki take ci ba kwal ba, amma tun da ta tsaya gidanmu ya yi wani irin shiru da ban san yana da shi ba.

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su kwashe da dariya, su ce wai magidanci da furfurarsa, mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ya zauna yana rubuta ta'aziyyar abin wasa. Ku yi dariyarku, ban hana kowa ba, ni ma a da da ni za a yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Roƙona ɗaya ne, wanda ya fara karantawa ya daure ya kai ƙarshe.

Ba mu san ranar haihuwar marigayiyar ba, ba mu kuma san hannu nawa ta bi kafin ta iso namu ba. A shagon kayan gwanjo na tsince ta, cikin kwali, tsakanin mataccen dutsen guga da rediyon da ba shi da murfi. Fentinta ya koɗe, fitilar goshinta ta tsage, a ƙarƙashinta kuma wani yaro da ban sani ba ya karce ta da ƙusa. Da na kawo ta gida na shimfiɗa mata ɗan guntun layi a kan teburin cin abinci na ba ta wuta, ba ta tashi nan take ba. Sai da ta yi nishi, gurrr, ta girgiza jiki, ta yi tari sau biyu, kyaf, kyaf, sannan ta ɗaga da ƙyar. Uwar yarana tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da ludayi, ta ce wallahi haka gwaggona take tashi daga kan tabarma. Sunan ke nan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Saboda ita aka gina gari. Ɗakin baya da uwar yara ta so ta mai da shi na ajiyar kaya, ni na riga ta shiga. Na sa kafinta ya haɗa min babban tebur daga bango zuwa bango, aka bar ɗan lungu a tsakiya inda mutum zai tsaya. A kansa na kafa layin dogo da ƙananan ƙusoshin da sai da hantsaki ake riƙe su. Tudun da ke kusurwar taga da ragar waya na ɗaure shi, na lulluɓe da tsofaffin jaridu da aka jiƙa da gam, na shafe da farar ƙasa, na huda rami a ƙarƙashinsa don jirgi ya shiga ya fito. Ciyawa dusar katako ce da na rina kore na tankaɗe. Itatuwa soson wanke-wanke ne da na yayyaga na manna a kan murɗaɗɗiyar waya. Kogin da ke ƙarƙashin gada sai da na zuba masa man goge katako shafi bisa shafi, kowane shafi ya kwana ya bushe, har ya yi ƙyallin da kyanwar gidanmu ta taɓa zuwa ta sa baki za ta sha. Tashar kuwa da kwali da tsinken ashana na gina ta, har da benci, har da agogon bango da na zana da bakin allura.

A wannan hidima ce rariyar uwar yara ta shiga ɗakin baya ba ta sake fitowa ba. Haka almakashinta, haka burushin da take gyara gira da shi, wanda na gano babu kamarsa wajen yi wa mutanen tasha fentin ido. Ta yi faɗa, ta yi shiru, ta sake faɗa, daga baya ta sayi wasu ta riƙa kulle su a durowa. Ina amfani da wannan dama in gode mata a bainar jama'a, domin ba kowace mace ce za ta zauna da mijin da ke dawowa daga aiki ya wuce ta ya je yana dasa soso ba.

Game da halayen marigayiyar, duk wanda ya zauna da ita zai yi mata shaidar haƙuri. Ba ta da gudu, ba ta kuma taɓa yin kamar tana da shi ba. Ba ta taɓa sauka daga layi da gangan ba, sai ranar da kyanwa ta kwanta mata a bakin rami, wannan kuwa ba laifinta ba ne. In aka ƙara mata tarago ba ta ƙi, sai dai ta ƙara nishi. Abin da ya fi komai bambanta ta da sauran jirage shi ne muryarta. Akwai wata ƙafa a gefenta na hagu da ta ɗan karkace tun kafin mu san ta, don haka tafiyarta ba ta fita sumul. Cuku-cuku-kyat, cuku-cuku-kyat, haka take yi, kamar mai ɗingishi da ke ƙoƙarin ɓoyewa. Na sha ɗaukar sukundireba da niyyar gyara mata, sai wani abu ya ɗauke min hankali. Yau ina gode wa Allah da bai ba ni iko ba.

A nan dole in ambaci Baba, domin ba don shi ba da wannan sanarwa ba ta wuce layi biyu ba.

Mahaifina direban jirgin ƙasa ne, tun zamanin masu kwal da tururi. Muna yara ganinsa sai an yi sa'a, ya kwana biyu a gida ya yi mako a hanya. Duk ranar da zai fita, da na ga ya ɗauki hularsa da jakarsa sai in ruga in rungume masa ƙafa, in zauna a kan takalminsa, sai an ɓamɓare ni da ƙarfi. Shi ya sa ya raɗa min suna Birki. Babu wanda ke kirana da shi a duniya sai shi, ko mahaifiyata ba ta taɓa ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu muka ɗauko shi ya dawo wurinmu, domin mantuwa ta fara cin sa. Da farko makulli ne da tabarau. Daga nan sunayen jikoki. Wata safiya na shiga gaishe shi, ya amsa min da ladabi irin na baƙo, ya ce, "Malam, na gode da karamcin nan, Allah ya saka da alheri. Amma yaushe za a mai da ni gida? Iyalina suna jira." Tun daga ranar na zama Malam. Ina yi masa wanka, ina yanke masa farce, ina ba shi magani, yana yi min godiya kamar wanda aka tsinta a tasha aka ba masauki. Ni da nake ganin ƙasusuwan mutane kullum a wurin aiki, na ɗauka babu abin da zai karye a gabana ya ba ni mamaki. Sai ga shi kalma ɗaya tana karya ni kowace safiya.

Ban taɓa tunanin kai shi ɗakin baya ba, don ina jin kunyar direba na gaske ya ga abin da ɗansa ke wasa da shi. Rannan da yamma na manta ƙofa a buɗe. Gwaggo tana zagayenta, ni kuma na sunkuya ina manna wa tasha rufi, sai na ji jan takalmi a bayana. Baba ne. Bai dubi tudun ba, bai dubi kogin da na yi wata guda ina shafawa ba. Ya karkata kai gefe, ya lumshe ido yana saurare. Cuku-cuku-kyat, cuku-cuku-kyat. Can sai ya ce, "Ƙafarta ta hagu ce. Tawa ma haka take yi." Ya matso ya dafa bakin tebur, ya bi ta da ido har ta doshi kwanar da ke gaban gada, sannan, ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Birki, sassauta mata, kwana ce a gaba."

Na sassauta mata. Na murɗa makunnin ya yi yawa har na kusa tsai da ita gaba ɗaya. Ina tsoron in yi magana abin ya watse. Uwar yara da ta zo kiranmu cin abinci ta tarar da ni ina kuka ba sauti, Baba kuma yana min faɗan cewa na ɗora tashar kusa da kwana fiye da kima, wane mahaukaci ne ya zana wannan layi.

Daga ranar Gwaggo ta kama aiki na biyu, kuma shi ne aikin da za a tuna ta da shi. Kowace yamma bayan la'asar sai Baba ya sa tsohuwar hularsa, ya rataya usur ɗinsa, ya riƙe 'yar koriyar tutar da Auta, ƙaramar 'yata, ta ɗinka masa da guntun ƙyalle. Sai ya ɗaga tuta ya busa usur sannan nake da izinin ba da wuta. Gurrr, kyaf, kyaf, ta ɗaga. Muddin tana tafiya, Baba yana nan tare da mu. Ya san ni, ya san Auta jikarsa ce har yana tsokanarta da cewa ita ce amaryarsa, ya san uwar yara surukarsa ce yana tambayarta ko ina ba ta wahala. Yakan ba mu labarin tashoshin da suka shuɗe da abokan aikin da duk sun riga shi. In aka kashe wuta kuwa, sai ka ga abin yana janyewa daga fuskarsa a hankali, kafin a gama cin abinci na koma Malam. Na gaya wa likitan da ke duba shi, ya ce shi dai ba shi da ƙwayar da ta kai wannan, mu ci gaba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji uwar yara, wadda a da take kiran Gwaggo tarkace.

Rashin lafiyar ajali ta fara ne a hankali. Tsufa ya sa ƙafafunta suka side, suka yi santsi. A shimfiɗaɗɗen wuri ba a ganewa, amma in ta zo hawan tudun nan na kusurwar taga sai ƙafafun su riƙa juyawa a wuri ɗaya, shiii, shiii, tana nishi ba ta gaba, sai na sa yatsa na ɗan tura ta. Wannan turawa tana ɓata wa Baba rai matuƙa. A wurinsa abin kunya ne a tura jirgi, ko da yatsa ne. Na yi odar wasu 'yan zobban roba da ake sa wa ƙafafun irin waɗannan jirage don su kama layi, aka ce suna hanya. Na gaya masa, ya dube ni kamar na ce zan sa wa jirgi silifa.

Ga waɗanda ba su sani ba, direbobin jirgi na gaske suna da maganin santsi. In ƙafafu suka ƙi kama ƙarfen dogo a hawan tudu, yashi suke sakar wa layi, busasshe mai laushi, sai jirgi ya samu abin takawa ya haye. Baba ya yi wannan sau ba adadi a rayuwarsa. Ya manta sunan unguwar da aka haife shi, amma bai manta yashi ba.

Ranar Talatar an riƙe ni a wurin aiki, an kawo waɗanda suka yi haɗari. Lokaci ya yi, Baba ya sa hula ya tsaya, sai Auta ta kunna masa kamar yadda takan yi in na makara, uwarta ta ƙwala mata kira ta fita. Abin da ya biyo baya daga sawun da ya bari muka gane shi. Ya fita tsakar gida inda magina suka bar ragowar yashi, ya zaɓi busasshe daga sama, ya dawo ya ɗauki rariyar nan ta uwar yara daga ƙusar da nake rataye ta, ya tankaɗe shi tsaf a kan jarida, ya zubar da tsakuwar. Sannan ya bi layin tudun tun daga gindi har ƙoli yana barbaɗawa da yatsu biyu, daidai wa daida, ko ƙwaya bai zubar a kan ciyawa ba. Aiki ne na gwani, ban taɓa ganin an yi ɓarna da tsabta irin haka ba.

Ina shigowa na tarar Gwaggo tana hawan tudu ita kaɗai, ba yatsa, ba santsi, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Baba yana tsaye ƙirji a buɗe, fuskarsa kamar an kunna fitila. Ya ce, "Birki, ka gani? Yashi! Ku yaran zamani komai sai ku ce roba." Na dubi layin, na dubi jaridar, na gane ɓarnar da aka yi. Jirgin gaske cikinsa yana can sama, nesa da ƙasa. Gwaggo kuwa 'yan haƙoran da ke juya ƙafafunta a buɗe suke a ƙarƙashinta, shafe da mai, ba su fi ƙwayar shinkafa nisa da layi ba. Duk zagayen da ta yi tana kwasar yashin nan tana cusa wa cikinta. Na riga na fara jin sa a muryarta, wani ƙirrr siriri a ƙarƙashin cuku-cuku-kyat ɗin.

Na kai hannu kan makunni. Da na kashe a lokacin, na kwance ta na wanke, wataƙila da yau ba na wannan rubutu. Sai Baba ya dafa min kafaɗa, abin da ya yi shekaru bai yi ba, idonsa a kan jirgin, ya ce, "Ka tuna lokacin da kake riƙe min ƙafa?" Na ce na tuna, Baba. Ya ce, "Kana tsammani ina jin daɗin ɓamɓare ka? Sai mun wuce tasha biyu idona bai bushe ba. Mai zuba min kwal ya tambaye ni, in ce masa hayaƙi ne." Ya yi 'yar dariya, ya ci gaba. Ya ba ni labarin ranar da ya kusa ajiye aikin saboda ni, da yadda mahaifiyata ta ce in ya ajiye me za mu ci. Tun da nake ban taɓa jin wannan magana ba, kuma na san in wutar nan ta ɗauke, maganar za ta ɗauke tare da ita, ba lallai ta sake dawowa ba. Gaba kura, baya sayaki. Ƙirrr ɗin yana ƙaruwa, ina ji, hannuna yana kan makunni, ban murɗa ba. Na bar ta tana ci gaba da zagaye har ya kai ƙarshen labarinsa.

Ta sauko daga tudu, ta ratsa gada, ta wuce tasha, ta sake dosar hawa. A gindin tudun ta yi tari, kyaf, sau ɗaya. Wani ƙauri ya tashi, sai ga siririn hayaƙi yana fita daga jikinta, hayaƙi na gaske, na farko kuma na ƙarshe a rayuwarta. Baba ya tafa hannu don murna, ya ce, "Yauwa! Yanzu ta zama jirgi." Daga nan ba ta ƙara motsi ba.

An yi iya ƙoƙari. Washegari na naɗe ta a hankici na kai wa mai gyaran agogo na bakin kasuwa, wanda ya saba duba ta in ta yi mura. Har na yi tunanin in fara biyawa da ita wurin aiki in ɗauke ta hoton ƙirji, kunya ta hana ni. Ya maƙala madubinsa a ido ɗaya, ya buɗe cikinta, ya duba. Sannan ya juyo min da ita in gani: haƙoran sun cinye sun zama gari, wayar injin ta ƙone ta yi baƙi ƙirin. Ya ce masu ƙera irinta sun daɗe da rufe kamfani. Ya ce, "Yallaɓai, zan iya sa mata sabon inji ta yi tafiya, har ta fi da gudu. Amma tarin nan da ɗingishin nan, a cikin abin da ya ƙone suke. Wannan ba ni da shi." Bai karɓi ko sisi ba, ya naɗe min ita da hannu biyu. Zobban robar kuwa sun iso ranar Alhamis, suna nan a cikin ledarsu.

Na sayo sabon kan jirgi, ja mai ƙyalli, mai fitila biyu, yana tafiya sumul kamar an shafa wa layin mai, yana haye tudu ko nishi babu. Baba ya sa hula ya zo, ya kalle shi ya yi zagaye ɗaya, ya ce, "Malam, na yaranka ne? Yana da kyau, Allah ya raya su." Ya juya ya fita. Auta ta tuna tana da bidiyon Gwaggo a wayarta, muka kunna masa sautin muka ɓoye wayar a bayan tasha. Ya saurara kaɗan, ya leƙa, ya zaro wayar ya miƙa mata, ya ce 'yammata ki riƙa kula da kayanki. Sabon jirgin yana cikin kwalinsa a saman kabad, ba shi da laifin komai, amma ba na son ganinsa.

Marigayiyar ta rasu ta bar taragai huɗu, biyu na fasinja, ɗaya na kaya, ɗaya na shanu wanda shanunsa uku ne don kyanwa ta haɗiye na huɗun. Ta bar mutanen tasha su goma sha biyu, waɗanda ke tsaye a inda na manna su, cikinsu har da wani mai akwati da ya ɗaga hannu, da wata mata da ke riƙe da yaro a kan benci. Ta bar tudu, da gada, da kogin da ba a sha. Ta bar uwar yara, wadda na mayar wa rariyarta ranar Laraba ta ce in ɗauke mata ita daga gabanta. Ta bar Auta, da ke ganin laifinta ne don ta fita daga ɗakin, alhali na gaya mata har na gaji cewa hannun da ke kan makunni nawa ne. Ta bar ni. Ta kuma bar direbanta, wanda har yanzu bai san ta rasu ba.

Ba na neman a ce min na yi daidai ko na yi kuskure. Na auna abin ya fi a ƙirga. Wani lokaci in ce da na kashe wutar da yanzu muna da sauran yammaci masu yawa tare da shi. Wani lokaci in ce da na kashe da ban taɓa sanin ya yi kuka saboda ni ba. Duk ta inda na juya shi ciwo yake min, kuma ina kewar mahaifina ƙwarai, alhali yana ɗakin da ke kusa da nawa.

Game da jana'iza, iyalai sun yanke shawarar ba za a binne ta ba. An share yashin, an goge ta, an daidaita mata fitilar goshi, an ajiye ta a kan layi a gindin tudu, inda ta tsaya, da taragunta a bayanta. Za a riƙa karɓar gaisuwa a ɗakin baya kowace yamma bayan la'asar. Ɗakin ƙarami ne, a riƙa shiga bibbiyu, kuma a kula da gwiwar hannu wajen itatuwa. Muna roƙon masu zuwa kada a kawo mana sabon jirgi, kada a ba mu lambar wani gwanin gyara, kada kuma a ce ai abin wasa ne, Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Sama da komai, kada wanda ya ambaci yashi a gaban Baba. Shi a saninsa ya hau da jirginsa tudu, kuma haka muke so ya ci gaba da sani.

Za ku same shi a tsaye da hula da tuta, domin har yau lokaci na yi yake shiryawa. Yakan ɗaga tutar ya busa usur, in ba ta motsa ba ya dubi agogon hannunsa, wanda shi ma ya daɗe da tsayawa, ya ce ta makara. Ni kuma za ku same ni a lungun tsakiya ina tura ta da yatsa a hankali, ina yi mata muryar da bakina, gurrr, kyaf, kyaf, cuku-cuku-kyat. Wanda dariya ta kama shi ya fita tsakar gida ya yi ta, ba zan ji haushi ba.

Jiya na ɗauka na dace, don ya karkata kai ya lumshe ido kamar ranar farko, ya daɗe yana saurarena. Sai ya buɗe ido, ya dafa min hannu cikin tausayi, ya ce, "Malam, ka yi ƙoƙari, amma ba haka take yi ba. Bari ɗana ya zo, shi ya san ta. Birki nake ce masa. Yanzu za ka gan shi, ya kusa tasowa daga aiki."

Na ce to, Baba, mu jira shi.

Saboda haka duk wanda ya zo ya tarar da mu tsaye mun zuba wa ƙofa ido, ya samu wuri ya tsaya tare da mu. In Baba ya tambaye ku labarin jirgin, ko labarin ɗansa, ku taimaka ku ce masa dukansu biyu suna hanya.

Allah ya ba mu haƙuri, ya saka wa kowa da alheri.

Sanarwa daga Birki, ɗan direba, a madadin sauran iyalai.